Awon Duhu a Garin Kan Iklima

Jiya da rana tsaka, ina zaune a kan bencin asibiti, na yi wani mafarki. Ban yi niyyar barci ba. Tun asuba nake tsaye: na dama koko, na yi wa Iklima wanka, na kwance duk 'yan kwalliyar da ke kitsonta saboda an ce kada a bar ko ɗigon ƙarfe a jikinta, sannan muka tari adaidaita muka taho. Iklima 'yata ce, shekararta biyar, tana da sikila. Cikin mako biyu sau uku kofi yana suɓucewa daga hannunta na hagu. Sai ta tsaya tana kallon hannun kamar aro aka ba ta, can kuma ya dawo daidai ta ci gaba da wasanta. Shi ya sa aka turo mu hoton ƙwaƙwalwa, a na'urar nan ta MRI mai kama da rijiyar da aka kwantar.

Wadda ta karɓe mu wata doguwar mata ce siririya mai tabarau, Dakta Asabe. Ta zaunar da ni ta yi min bayani ba gaggawa.

"Za mu sa mata wani ruwa ta jijiyar hannu. Ba magani ba ne, ki ɗauke shi kamar rini. Jini zai kwashe shi ya bi da shi ta kai, duk inda ya ratsa sai hoton wurin ya yi duhu na ɗan lokaci. Ni nawa aikin shi ne in tsaya a bakin babbar jijiyar da ke shigar da jini, in auna nawa ya shiga, kuma yaushe. Sai da wannan ake sanin ko kowane ɓangare yana samun rabonsa." Ta ɗaga biro. "Maman Iklima, sau nawa kofin ya faɗi?"

Na ce, "Sau ɗaya."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta.

Na san abin da ya sa na faɗi haka. 'Yar maƙwabciyarmu da aka gano mata irin wannan matsalar, duk wata sai an kai ta ƙarin jini. Iklima kuwa ko hoton allura ta gani a bango sai ta ƙanƙame ni. Na ce a raina, in na ce ɗaya, watakila su ce ba komai, mu koma gida. Aka ce mu jira, akwai mutum huɗu a gabanmu. Iklima ta ajiye kofinta a ƙasa ta kwantar da kai a cinyata, fanka tana ta juyi a sama. Shi ke nan.

Sai ga ni a ƙofar wani gari. Ƙofar kunne ce, kunnen dama, na gane shi da ɗan tabon da ƙurji ya bar masa bara. A bakin ƙofar an kafa tebur, wata zabuwa na zaune a bayansa tana aiki.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ƙarfe."

Kafin in amsa, 'yan kunnena suka sauko da kansu, suka yi min sallama suka je suka manne a bango. Makullan gida suka bi su a jere, babban yana gaba. Fil ɗin mayafina ya ɗan yi gardama, daga baya shi ma ya tafi. A bangon na ga cokula da almakasai da keken ɗinki guda, duk sun jingina suna hira.

Zabuwar ta ce, "Wurin wa kika zo?"

"Wurin 'yata."

"Ai kina cikinta. Shekara biyar da suka wuce ita ce a cikinki, yau ta rama." Ta ciro ɗigo ɗaya daga bayanta ta manna min a goshi. "Katinki ke nan. Kada ki goge, kada ki yi atishawa."

Garin ba shi da titi, rafuka gare shi, jajaye, kuma a kansu ake tafiya. Sama kuwa ba rana ba gajimare, wasu mata ne a can suke daka, turamensu a kife, taɓarensu suna dukan sama: gaf, gaf, gaf. Duk saukar taɓarya sai garin ya yi walƙiya sau ɗaya. Na tambayi wata tsohuwa da ke shanyar inuwarta a kan igiya, ta ce hoto ake ɗauka, kowane gaf hoto guda, don haka mutane suke tsayawa cak, itatuwa ne kawai aka yarje wa yawo.

Na ratsa ta Unguwar Me-ya-sa. Ita ce mafi cika a garin, har kan katanga mutane ne, kowa yana tambayar na kusa da shi, babu mai amsawa. Na wuce Unguwar Waƙa, inda ake rera farkon kowace waƙa a bar ƙarshenta. Na wuce Unguwar Ba-na-ci, inda aka jera kwanukan tuwo a ƙofar gidaje an juya musu baya. Akwai wani rumbu da na leƙa, cike yake fal da kalmar Mama, wata da shagwaɓa, wata da ihu, wata ta tsakar barci, an ɗaɗɗaure su dami-dami. Na daɗe a wurin fiye da yadda ya kamata.

A mararraba wani jaki ne ke ba da hannu. Na ce masa, "Malam, ina Unguwar Hannun Hagu?"

"Ki yi dama."

"Hagu na ce."

"Na ji ki, Hajiya. Hagu tana dama, dama tana hagu. Tun kafin a haife ta suka yi musanyar fili, kuma har yau ba a taɓa jin kansu ba."

Na tattare zane na yi dama da gudu. Ina gudu rafin yana mayar da ni baya.

Sai ga ni a bakin wani babban kogi, can ƙasan garin, inda duk rafukan suke tsagewa daga jikinsa. Kogin yana harbawa, ya kumbura ya sauka, ya kumbura ya sauka. A gefensa wata zalɓe na tsaye a ƙafa ɗaya, sanye da farar riga da tabarau, da biro a maƙale a fiffike. Da ta yi magana, muryar Dakta Asabe ce.

"Maman Iklima, kin makara da numfashi biyu. Riƙe."

Ta miƙo min mudu. Na juya shi, ba shi da gindi.

"Dakta, wannan ai a huje yake."

"Duhu ake aunawa da shi. Duhu ba ya zuba ta ƙasa, ta sama yake zuba."

Na ce, "Ni fa Unguwar Hannun Hagu za ni, in ga ko jini yana isa."

"Kowa can yake son zuwa. To kin je. Kin tarar da ludayi ɗaya a kwanonsu. Kaɗan ne ko da yawa?"

Na tsaya. Na tuna ranar sunan Iklima, da Innata ta sa aka raba kunu gida-gida, wata ta aiko da ƙorafin an raina ta, alhali tukunyar ce ƙarama, kowa abin da ya samu ke nan. Na ce, "Ya danganta da tukunyar."

Ta nuna kogin da baki. "To ga tukunyar."

Can nesa aka busa usur. Na hango wani tsauni mai siffar damtsen yaro, daga gindinsa rinin ya taso. Ya taho a dunƙule kamar inuwar babbar mota, ruwan gishiri na biye da shi yana kora shi da tsawa. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaure mayafi a ƙugu na yi tsalle na faɗa tsakiyar kogin, na ɗaga mudu sama da hannu biyu. Ba abin da zai shiga kan 'yata ban tare shi da ƙirjina ba.

Duhu ya rufe ni. Ban ga mudun ba, ban ga hannuna ba, har sunana sai da na laluba. Da ya wuce na fito ina ɗiga, mudun yana ambaliya ta sama.

Zalɓe ta ce, "Nawa?"

"Ya cika."

"Ya cika da nawa? Goma takan cika shi, ɗari ma takan cika shi."

Na sake leƙa mudun, ita kuma ta ci gaba.

"A tsakiya duhun ya fi ƙarfin ido. Da zarar ya kai maƙura, duk abin da ya ƙaru a kai ba ya nunawa. Kin tsaya inda ya fi ko'ina yawa, kuma ba ki da abin faɗa."

Na ce, "Ai uwa ce ni."

"Na sani. Duk uwar da ta zo nan tsakiya take faɗawa. Shekaranjiya wata har da tabarmarta."

Ta ɗaga fiffike, kogin ya tsaya, ya ba da haƙuri, ya koma da baya. Rinin ya wuce mu yana tafiyar baya-baya har ya shige tsauninsa. Ta ce, "A nan ne kawai ake maimaitawa. A waje sau ɗaya yake wucewa, in ya wuce ya wuce, kuma ba na son a sake huda yarinya saboda ni ban tsaya daidai ba."

Wannan karon na ce ba da ni ba. Na haye wata doguwar giginya can nesa, na zauna a ƙoli na miƙa mudu. Aka busa usur. Daga sama kogin kamar zare yake, rinin ya bi ta cikinsa kamar ƙwaro. Na leƙa mudun.

Na ɗaga murya na ce, "Biyu!"

Muryarta ta zo daga cikin mudun. "Kin haɗa da ciyawa, da rufin gidaje, da jakin nan mai ba da hannu. Duk sun shiga idonki tare da kogin sun tsinka miki duhun. Sauko."

Ina saukowa na ga wani kogi daban, mai faɗi, kwance lumui, har da matakala da benci a bakinsa. Na ce yauwa, ga wurin mutunci. Na zauna. Na jira, na jira. Can sai ga rinin ya iso yana jan ƙafa, a warwatse, kamar matan da suka taso daga biki kowa da ƙullin ledarta.

Zalɓe ta sauka a bencin. "Wannan na fita ne. Waɗannan sun gama zaga gari, gida za su. Wurin yana da daɗin zama, shi ya sa yake ruɗin mutane. Ni ma ya taɓa ruɗa ta ina sabuwar zuwa, na yi kwana uku ban ci abincin kirki ba."

Sai ga mu a bakin kogin farko. Yanzu ne na lura da abin da ban gani ba ɗazu saboda gaggawa. Gefen kogin duk 'yan tsakuwoyi ne a jere, fiye da talatin, kowace da zane a bayanta. Zalɓe tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga wannan da baki, ta karkata kai ta duba, ta ajiye.

"Wannan ta makara." Ta jefar. "Wannan kanta a yanke yake, ta cika matsowa." Ta jefar. "Wannan ta yi faɗi." Ta jefar. "Wannan tana rawa, wani ya yi tari."

Na ce, "Wacce kike nema?"

"Wadda duhun ya fara iso mata, ya tashi tsaye da tsini, ya wuce da sauri bai yi zaman hira ba."

Na tsaya ina kallonta. Na ga mata masu tsintar shinkafa, ni ma ina cikinsu, kuma ba a taɓa cin tsakuwa a gidana ba. Amma ban taɓa ganin tsinta irin wannan ba. Ba ta gajiya, ba ta cewa wannan ma ta isa. Akwai wata tsakuwa da ta yi kyau ƙwarai, ni da na ɗauka, amma ta juya ta sau uku, ta ce akwai ɗan karkata a wutsiyarta, ta ajiye ta gefe a hankali kamar mai ba ta haƙuri. Daga talatin ta bar huɗu. Duk huɗun a wuri ɗaya suke, taku guda daga bakin ruwa.

Ta ce, "Nan. Ba ciki ba, ba nesa ba. Kusa yadda inuwarsa za ta taɓa ki, amma ba zai haɗiye ki ba."

Na tsaya a wurin. Ƙafata tana ƙaiƙayin shiga ruwa, na danne ta da ɗayar. Ashe haka ake komawa ƙafa ɗaya.

Aka busa usur. Matan sama suka ƙara saurin daka. Rinin ya taho, inuwarsa ta hau ƙafata, ta hau gwiwa, ta hau ƙirji, kuma duk ina gani. Na tara mudu, ya cika, na juye sama. Na sake tarawa. Ɗaya, biyu, uku a hankali, huɗu zuwa takwas kamar ana kora su, tara, goma, sai haske ya dawo. Zalɓe tana gefena tana ɗiga biro a kan fiffike duk saukar taɓarya, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Can sai ga wani duhu-duhu mara ƙarfi ya sake tahowa. Na kai mudu.

"Bar shi. Na ɗazu ne, ya zaga ta zuciya ya dawo yi mana ban gajiya. Ba a ƙirga shi sau biyu."

Sai ga mu a gindin wata bishiya da saiwoyinta suke sama, rassanta kuma suna riƙe da hannun rassan maƙwabta. Taron masu unguwanni ake yi. A kan wani turmi da aka kife, Iklima ce zaune, ta yafa mayafina na zuwa biki yana jan ƙasa, kofinta a hannun hagu. Ita ce shugabar taro. Ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, zauna a can, kada ki yi surutu."

Na zauna.

Masu unguwanni suka riƙa zuwa, kowa da ludayin da ya tara a ƙofar unguwarsa lokacin da rinin ya ratsa. Aku ya zo daga Me-ya-sa, ludayinsa cike, yana tambayar me ya sa ludayi yake da wutsiya. Kwaɗo ya zo daga Waƙa, nasa cike. Bunsuru ya zo daga Ba-na-ci, nasa ma cike, ya ajiye ya kau da kai ya ce shi dai ba zai sha ba. Aka jera su a gaban wani allo. Saura wuri ɗaya.

Aka jira. Aku ya yi tambaya goma sha ɗaya. Sannan ga kunkuru ya ɓullo, yana tafe yana hutawa, ludayinsa a baki. Ya ajiye. Rabi ne.

Ya ce, "A gafarce ni, ranki ya daɗe. Mai unguwar Hannun Hagu ne. Hanyarmu ce ta ɗan tsuke. Ba ƙara na kawo ba."

Zalɓe ta je gaban allon. A samansa akwai wani fili da aka bari ba rubutu. Ta miƙo min alli. "Mai awo, nan ake rubuta abin da ya shiga ta kogi. Da shi za a gwada kowane ludayi."

Na karɓi allin. Na matsa kusa da kunnenta, ko da yake ban ga inda kunnen yake ba, na yi ƙasa da murya. "Dakta, in na rubuta goma fa?"

"In goma ce ta shiga, cikakken ludayi ne rabon kowa. Nasa rabi ne, kuma a makare. Kowa zai gani."

"In na rubuta biyar?"

"In biyar ce, rabin ludayi ne rabon kowa. Nasa ya yi daidai ke nan. Sauran kuma a ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Allo ya yi kyau, a tafa, a watse." Ta gyara tabarau. "Shi kuma ya ɗauki rabin ludayinsa ya koma ta hanyar da ya zo."

Ba ta harare ni ba, ba ta karɓe allin ba. Da ta yi min faɗa da na samu abin riƙewa.

Na ce, "Ke in ke ce, me za ki rubuta?"

"Abin da ya wuce ta gabana. Shekara goma sha takwas ina tsaye a ƙafa ɗaya don kada in girgiza ruwan."

"Ba kya tausayinsu? Yara ne fa. Allura ce fa duk wata."

"Tausayin ne ya tsayar da ni a wurin. Ni ba ni ke buɗe hanya ba, akwai masu wannan aikin. Amma ba sa fitowa sai allo ya kira su."

Na juya ga allon. Na sa alli da niyyar rubuta biyar, Allah ya gani, biyar na yi niyya. Allin ya ƙi. Ya ja hannuna ya rubuta da irin rubutuna, manya-manya: sau ɗaya.

Ko aku bai tambaya ba.

Kunkuru ya miƙo wuya ya karanta a hankali, yana bin baƙaƙen da ido. Sannan ya juyo gare ni. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi damuna ke nan.

Ya ce, "Hajiya, sau uku muka aiko miki. Mu unguwarmu ba mu da baki, kofi kaɗai gare mu. Ranar Talata muka sake shi, da Juma'a, da wata Talatar. Ashe ɗaya ne ya iso. Laifin hanya ne, ba naki ba."

Na ce, "Duk sun iso, Baba. Ni na share ruwan sau ukun."

Iklima ta sauko daga turmin, mayafin yana binta. Ta daina zama shugabar taro, ta koma Iklima, har da majinar da na share ɗazu a adaidaita. Ta tsaya a gabana.

"Mama, in kin faɗa za a yi min allura?"

"Watakila, uwata."

"Da zafi?"

Na buɗe baki zan ce kamar cizon sauro ne, yadda na saba. Na ga zalɓe tana kallon ƙasa. Na ce, "Da zafi. Amma ba ya daɗewa."

"Za ki riƙe ni?"

Na tuna darasin da na sha wuya a kansa. Na ce, "Ina nan gefenki, taku ɗaya."

Iklima ta ɓata fuska. Zalɓe ta yi gyaran murya.

"A'a, Maman Iklima. Wannan kam a tsakiya ake yin sa. Ki faɗa har da tabarmarki. Awon ne kawai ake yi daga gefe."

Na ɗauki Iklima na saɓa a kafaɗa. Da ɗayan hannun na goge allon da bakin zanena, na rubuta goma. Wannan karon allin bai yi gardama ba.

Ba wanda ya tafa. Matan sama suka ajiye taɓare suna shan iska. Kunkuru ya cire ƙoƙon bayansa kamar hula ya rusuna, ya mayar. Can gefen dama na gari, inda hagu take, na fara jin ƙarar fartanya da muryoyin mutane suna cewa a matsa, a matsa. Na juya in yi wa zalɓe godiya, ta riga ta koma bakin kogi, ta tsaya a ƙafarta ɗaya tana jera sababbin tsakuwoyi, domin an ce akwai wani kan yana tafe. Iklima ta ɗaga kofinta za ta yi mata bai-bai, sai kofin ya suɓuce. Duk abin da ke garin nan sama yake faɗuwa, shi kaɗai ya yi ƙasa.

Ƙwal, ƙwal, ƙwalalal.

Na buɗe ido. Kofin roba ne yake gangarawa a kan tayil ɗin asibiti, ya je ya daki ƙafar benci ya tsaya. Na cafko hannun Iklima na hagu ina murzawa.

Iklima ta ce, "Ba ni ba ce, Mama. Ke kika shure shi. Kuma kina ta minshari, kowa yana kallonmu."

Ƙofa ta buɗe, Dakta Asabe ta leƙo da takarda a hannu. "Iklima Shu'aibu."

Na tashi na saɓa ta a kafaɗa, ko kofin ban ɗauka ba. Da muka isa bakin ƙofar na tsaya.

"Dakta, ɗazu na ce miki sau ɗaya. Sau uku ne. Talata, da Juma'a, da Talatar da ta wuce. Na Juma'ar ya fi daɗewa, har ta kasa riƙe cokali."

Ba ta ce don me ba. Ta soke abin da ta rubuta da layi ɗaya, ta rubuta sabon a gefensa, ta tambaye ni ƙarfe nawa, na faɗa mata.

Ta ce, "Na gode, Maman Iklima. Ki cire 'yan kunnenki da fil ɗin mayafin, ki shigo ki riƙe ta."

Na sunkuyar da kai ina kwance ɗan kunne, sai idona ya sauka ƙasa. Tun safe take tsaye, baiwar Allah. Ta zare ƙafa ɗaya daga takalmi ta naɗe ta a bayan ɗayar, tana rubutu.